Jackie Coogan: Yaron Da Ya Tara Miliyoyi, Ya Girma Ya Tarar Da Asusu Wayam

A shekarar 1938 wani saurayi ɗan shekara 23 ya shigar da ƙara a wata kotun birnin Los Anjelis da ke jihar Kaliforniya, yana neman a tilasta wa mahaifiyarsa da mijinta su faɗi inda dukiyarsa ta shiga. Babu wanda ya buƙaci a gabatar masa da mai ƙarar. Shekara 17 kafin wannan rana, da wuya a sami yaron da duniya ta san fuskarsa kamar shi. Sunansa Jackie Coogan, kuma shari'ar da ya tayar ita ce ta haifar da dokar da har gobe ake kira da sunansa.

An haifi John Leslie Coogan a Los Anjelis ranar 26 ga Oktoba, 1914. Iyayensa 'yan wasan dandamali ne, irin masu yawo gari-gari da rawa da waƙa da barkwanci, don haka a bayan labule ya buɗe ido. Yana ɗan shekara huɗu, a wani dare na 1919, aka fito da shi gaban 'yan kallo a gidan wasa na Orpheum ya taka wata rawa da ake yayi a lokacin. Cikin masu kallon akwai Charlie Chaplin, wanda a zamanin babu ɗan wasan barkwancin da ya kama ƙafarsa. A shekarar ne Chaplin ya binne ɗansa na fari, wanda ya rasu kwana uku da haihuwa. Masu tarihin rayuwarsa da dama suna danganta wannan rashi da irin fim ɗin da ya sa a gaba daga baya.

Ya fara gwada yaron da ɗan ƙaramin matsayi a A Day's Pleasure na 1919, sannan ya gina masa The Kid, wanda ya fito a farkon 1921, dogon fim na farko da Chaplin ya ba da umarni. Zamanin fim marar murya ne. Abin da ɗan wasa ke da shi kawai fuska ce da motsin jiki. Labarin na wani jariri ne da uwarsa ta yasar, wani fakiri marar matsuguni ya tsince shi ya raine shi a ɗakin haya. Da yaron ya kai shekara biyar suka ƙulla sana'a: shi ya jefi gilashin taga da dutse ya ruga, uban riƙon ya ɓullo da sabon gilashi a baya kamar wucewa ce ta kawo shi. Wurin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne inda ma'aikatan gidan marayu suka jefa yaron a bayan mota, yana miƙa hannuwa yana kuka, fakirin kuwa yana bin rufin gidaje don ya tare su. Wanda ya kalli wannan wuri yau, bayan fiye da shekara ɗari, zai ga cewa yaron bai zo rakiya ba. Kafaɗa da kafaɗa ya tsaya da Chaplin, kuma manyan 'yan wasa ƙalilan ne suka taɓa iya hakan.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Ya fito a Peck's Bad Boy a 1921, ya zama Oliver Twist a 1922 tare da Lon Chaney. A 1923 kamfanin Metro ya ba da dala 500,000 ladan sa hannu kawai, tare da alkawarin kashi 60 cikin ɗari na ribar fina-finansa. 'Yan kasuwa suka buga hotonsa, da ƙatuwar hularsa da yagaggiyar rigar sanyi, a kan 'yartsana da usur da takardun rubutu da gwangwanin man gyaɗa. Yana cikin yaran farko da aka mayar da sunansu haja. An ƙiyasta abin da ya samu a ƙuruciya tsakanin dala miliyan uku zuwa huɗu, a zamanin da 'yan ɗaruruwan daloli ke sayen sabuwar mota.

A 1924, yana gab da cika shekara goma, ƙungiyar agaji ta Near East Relief ta sa shi a gaba wajen tara taimako ga marayun Armeniyawa da Girkawa da yaƙi ya ɗaiɗaita. Ya ratsa Amurka a jirgin ƙasa, yara suna kawo madarar gwangwani da tufafi, har aka tara kayan da darajarsu ta haura dala miliyan ɗaya. Ya raka kayan zuwa Girka, a hanya kuma Fafaroma Pius na 11 ya karɓe shi a Rum. Yaron da ake turawa ceton marayu, ba a ajiye masa ko sisi da sunansa ta hanyar da doka za ta kare ba.

Ƙuruciya jari ce mai ƙarewa. Aka aske dogon gashin da aka san shi da shi, har aka gina fim sukutum a kan askin, Johnny Get Your Hair Cut na 1927. Fim mai murya ya shigo, ya taka Tom Sawyer a 1930 da kuma a Huckleberry Finn a 1931, amma kasuwa ta riga ta juya. Ba da daɗewa ba Shirley Temple ta gaje kujerar.

Ranar 4 ga Mayu, 1935, saura wata biyar da 'yan kwanaki ya cika shekara 21, motar da mahaifinsa ke tuƙawa ta faɗa kwazazzabo a yankin San Diyego suna dawowa daga farauta. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da mahaifin da amininsa, ɗan wasa Junior Durkin. Jackie kaɗai ya tsira. Ya taso da yaƙinin cewa dukiyarsa na ajiye, ranar da ya balaga a idon doka za a danƙa masa. Ranar ta zo ta wuce. Mahaifiyarsa Lillian ta auri Arthur Bernstein, mutumin da ke kula da harkokin kuɗin gidan, kuma kuɗin suka bi hanyar motocin alfarma da lu'ulu'u da rigunan gashin dabba. An ruwaito cewa abin da ake ba shi na kashewa a mako dala shida ne da 'yan canji.

Abin da ya fi girgiza jama'a a shari'ar 1938 ba ɓarnar ba ce, amsar da aka bayar ce. Uwar ta ce ba a taɓa yi masa alkawarin komai ba, ta kuma siffanta shi da yaro marar ji. Matsayinsu shi ne duk abin da yaro ya samu kafin ya kai shekara 21 na iyayensa ne. Abin takaicin, bisa dokar Kaliforniya ta lokacin, suna da hujja. An gaji wannan ƙa'ida ne daga zamanin da aikin yaro bai wuce taya uba noma ko zama a shago ba, inda ake ganin ladansa a matsayin ramuwar ci da sha da sutura. Babu wanda ya hango yaron da zai ciyar da gida da ma'aikata da kamfani. Da aka sasanta a 1939, abin da ya rage bai wuce dala 250,000 ba, Coogan ya tashi da kimanin 126,000. Aurensa da Betty Grable, wadda ya aura a 1937 tun kafin ta zama tauraruwa, ya mutu a wannan shekarar, cikin ƙuncin rashin kuɗi da zaman kotu.

Majalisar dokokin Kaliforniya ta yi gaggawa, ta zartar da dokar kare yara 'yan wasa a 1939, wadda aka fi sani da Dokar Coogan. Duk wanda aikinsa ya shafi tsara daftarin doka zai sami abin nazari a cikinta, domin sunanta ya fi ƙarfinta. Ta ba alƙali ikon ware har rabin abin da ya rage daga kuɗin yaro a ajiye masa, amma sai idan an kawo kwantiragin gaban kotu don amincewa, kuma sai yadda alƙalin ya ga dama. Kamfanoni kan kai kwantiragi kotu ne don su ɗaure yaron kada ya warware shi, ba don su kare shi ba. Uwa uba, dokar ba ta taɓa tushen matsalar ba: mallakar kuɗin ta ci gaba da zama ta iyaye. Shirley Temple ma, da ta girma ta bincika, dala 44,000 ta tarar daga cikin kimanin miliyan uku. Sai ranar 1 ga Janairu, 2000 gyaran da ya toshe ɓarakar ya fara aiki: kuɗin yaro mallakarsa ne, kuma wajibi ne mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 15 cikin ɗari na jimillar ladan a wani asusu da ba a taɓawa sai yaron ya kai shekara 18. Jihohi irin su Niyok da Luwiziyana da Ilinoi suna da makamanciyarta, kuma a 'yan shekarun nan Ilinoi da Kaliforniya sun faɗaɗa kariyar ga yaran da iyaye ke samun kuɗi da bidiyonsu a intanet.

Shi kuwa mai sunan, rayuwa ta kai shi wata duniyar daban. Ya shiga sojan Amurka a Maris 1941, kuma da yake ya iya tuƙin jirgi tun yana farar hula, ya koma tuƙa jirgin sama marar inji, wanda wani jirgin ke ja da igiya ya sake shi a sama. A daren 5 ga Maris, 1944 yana cikin matuƙan da suka tashi daga Indiya suka sauke dakarun Janar Orde Wingate, waɗanda ake kira Chindits, a wani fili cikin dajin Bama, can bayan layin sojojin Japan. Sauka ce cikin duhu a ƙasa mai ramuka da kututture, jirage da dama suka tarwatse. A wannan farmaki ne aka shigar da Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, mai bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Rundunar Najeriya, makonni kaɗan bayan haka. Ke nan tsofaffin sojojin yaƙin Bama da suka dawo garuruwan Arewa da labarin dajin, wasunsu sun yi yaƙi a farmaki ɗaya da yaron Chaplin.

Bayan yaƙi ya dawo Holiwud da sanƙo da ƙiba, babu sauran alamar yaron nan mai manyan idanu. Ya karɓi abin da ya samu: ƙananan matsayi, fina-finan araha, wasan gidajen rawa, shirin talabijin na kaboyi. Ya sake aure sau biyu ba su ɗore ba, sai na huɗu da Dorothea Lamphere a 1952, wanda ya kai shi har ƙarshen rayuwa. A 1964, yana da shekara 49, ya sami matsayin Uncle Fester a shirin The Addams Family, wani kawu mai ƙwalƙwal ɗin kai da baƙin zobe a idanu, wanda kan sa ƙwan lantarki a baki ya kama da wuta. Shekara biyu kacal shirin ya yi, amma an yi ta maimaita shi shekara da shekaru, har aka sami zuriyar da ta san shi a matsayin wannan dodon ban dariya ba tare da ta taɓa jin labarin The Kid ba. Wasan ya yi shi da gaske, babu alamar raini ga aikin, kuma wannan ya fi abin da yawancin taurarin yara suka iya bayan tauraronsu ya dusashe.

A 1972, da Chaplin ya koma Amurka bayan shekara 20 don karɓar lambar girmamawa ta Oscar, su biyun sun sake haɗuwa a Los Anjelis, ɗaya tsoho mai shekara 82, ɗaya dattijo mai 57. Coogan ya ci gaba da fitowa jefi-jefi a talabijin har lafiya ta gaza. Ya rasu da ciwon zuciya a Santa Monika ranar 1 ga Maris, 1984, yana da shekara 69, aka binne shi a maƙabartar Holy Cross da ke Culver City. Jikansa, Keith Coogan, shi ma tun yana yaro ya fara wasan fim.