Labarin James Mpanza, Uban Marasa Gida

Ga labarin wani mutum na ƙasar Afirka ta Kudu, James Mpanza.

An haife shi a lardin Natal cikin 1889. Da ƙuruciyarsa ya kashe wani mai kanti, aka yanke masa hukuncin kisa cikin 1915, sa'an nan aka mai da shi ɗauri. A kurkuku ya tuba, ya kama addinin Kirista, aka sake shi cikin 1927. Daga baya ya zauna a Orlando, unguwar da Turawa suka keɓe wa baƙar fata a bayan birnin Johanasbag.

Zamanin Yaƙin Hitila mutane suka yi ta kwararowa birnin neman aiki, hukumar gari kuwa ba ta gina gidajen da za su ishe su ba. Iyalai suka cunkushe a ɗakunan haya, an yi kuka har an gaji. Cikin watan Maris 1944 Mpanza ya ja dubban jama'a zuwa wani fili na hukuma, suka kafa bukkoki da buhuna da itace, har aka sa wa wurin suna Masakeng, watau wurin buhuna. Jam'iyyarsa ana kiranta Sofasonke, ma'anarta za mu mutu tare.

Abin lura shi ne bai bar su sakaka ba. Ya naɗa masu tsaro, yana yanke shari'a, yana karɓar kuɗin shiga da na izinin ciniki, yana zaga zangon bisa doki. Hukuma ta rasa yadda za ta watsa su, tilas ta gina musu matsuguni na bulo. Waɗansu suka yi koyi da shi. Cikin 1946 aka ba da umurnin korarsa zuwa Natal, amma bai daɗe ba ya komo. Cikin 1947 hukuma ta buɗe zangon Moroka, daga nan gine-gine suka ci gaba har suka zama garin da aka sa wa suna Soweto cikin 1963. Don haka ake kiransa uban Soweto. Ya rasu cikin 1970.

To, jama'a, kun ga sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in dai yawan na da tsari. Allah ya ba talaka inuwa, ya ba shugabanni kunnen ji, amin.