Hans Wilsdorf: Marayan da ya kafa Rolex, ya kuma yi masa ƙane mai araha

A kasuwar Dole ta Damagaram, ko a teburan masu sayar da agogo da tabarau a bakin tasha, siffa ɗaya ce ta fi yawa: agogon ƙarfe mai sarƙa, da zobe mai tsaga-tsaga kewaye da fuskarsa, ga ƴar tagar kwanan wata a daidai ƙarfe uku. Irinsa ne samarin Gaffati da sauran ƙauyukan gundumar Mirriya kan dawo da shi daga ci-rani, daga Kano ko Legas ko Libiya. Wani ya ɗaura, wani ya kawo wa tsoho tsaraba. Wasu an rubuta musu Rolex alhali kuɗinsu bai kai na buhun hatsi ba. Wasu kuma sunan Seiko ko Orient ko Citizen ne a jikinsu, sun tsufa, sun sha hannu, amma siffar dai ita ce.

Wannan siffa tana da uba, sunansa Hans Wilsdorf. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutumin da aka fi kwaikwayon agogonsa ya kafa kamfani na biyu da hannunsa, ba don komai ba sai don ƙera agogon da ya yi kama da Rolex amma bai kai shi tsada ba.

An haifi Wilsdorf ranar 22 ga Maris 1881 a Kulmbach, wani ƙaramin gari a yankin Bavariya na Jamus, inda mahaifinsa ke da kantin kayan ƙarfe. Yana ɗan shekara 12 ya zama maraya gaba da baya. Kawunnansa suka sayar da kantin, suka sa shi da ƴan'uwansa makarantar kwana da kuɗin. A makarantar da ke garin Coburg ya ƙware a lissafi da harsuna, kuma harsunan ne suka ba shi abinci.

Ya fara aiki wurin wani mai fataucin lu'ulu'u. A 1900, shekara ɗaya bayan shigar Faransawa Damagaram, ya koma kamfanin Cuno Korten a La Chaux-de-Fonds, garin maƙeran agogo. Aikinsa rubuta wasiƙun Ingilishi, da yi wa tarin agogon aljihu wani kowace rana yana duba wanda ke gudu da wanda ke latti. Bai taɓa zama maƙerin agogo ba, har ya mutu. Ɗan kasuwa ne mai ido, wanda ya san abin da zai karɓu tun kafin masu saye su sani.

A 1903 ya tafi Landan, shi ma ɗan ci-rani. Bayan shekara biyu, yana da 24, ya buɗe kamfanin Wilsdorf & Davis tare da Alfred Davis, ɗan Ingila da dangantakar aure ta haɗa su. Sana'ar ba ta da wani asiri: su sayo injin agogo daga masana'antar Aegler da ke Bienne a Suwizalan, su sa shi cikin kwanson da wasu suka ƙera, su sayar wa masu kanti. Sau da yawa mai kanti ne ke rubuta nasa sunan a fuskar agogon. Wannan ya tsaya wa Wilsdorf a rai, domin ya gane cewa wanda sunansa ke fuska shi ke da mai saye. A 1908 ya yi rajistar sunan Rolex, gajere, mai sauƙin faɗa a kowane harshe, wanda kuma zai shiga ƴar ƙaramar fuska. Ya shafe shekaru yana lallaɓa masu kanti kafin su yarda sunan ya fito a kowane agogo.

A zamanin, namiji mai mutunci agogon aljihu yake riƙewa. Na hannu kayan adon mata ne, kuma ana ganin ba ya riƙe lokaci. Wilsdorf ya kai nasa aka gwada: a 1910 ya samu takardar shaidar daidaito a Bienne, a 1914 kuma cibiyar Kew ta Ingila ta ba shi shaida mai daraja ta ɗaya, irin wadda aka saba bai wa agogon jiragen ruwa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙarasa masa aikin, don sojan da ke cikin rami ba shi da lokacin laluben aljihu. Amma yaƙin ne kuma ya raba shi da Landan. A 1915 gwamnati ta ɗora harajin kashi ɗaya cikin uku a kan agogon da ake shigowa da su, ga kuma ƙyamar duk mai sunan Jamusawa, ko da yake ya riga ya zama ɗan ƙasar Birtaniya. A 1919 ya tattara ya koma Janiba.

Fasahar da ya saya, da wadda aka riga shi

Maƙiyan agogon hannu biyu ne, ruwa da ƙura, kuma duk mai gyaran agogo a Damagaram zai shaida abin da ƙurar hunturu ke yi wa inji. Ƙofar da suke shiga ita ce ɗan maɓallin gefe da ake wani da shi. Wasu ƴan Suwizalan biyu, Paul Perregaux da Georges Perret, suka fito da dabarar maɓallin da ake murɗawa ya rufe ƙam kamar murfin kwalba. Wilsdorf ya ga takardar, ya saye haƙƙin mallakarta. A 1926, shekarar da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai, ya fitar da Oyster, sunan wata halittar teku mai kwanso biyu da ke rufe kanta ruf.

Yadda ya tallata shi ne ya nuna gwanintarsa. A watan Oktoba 1927 wata sakatariya ƴar Landan, Mercedes Gleitze, ta ƙetare mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa da iyo. Ƴan kwanaki bayan haka wata mata ta ce ita ma ta ƙetare, daga baya ta amsa cewa ƙarya ce, sai aka fara shakkar Gleitze ita ma. Ta yanke ta sake shiga ruwan don wanke kanta, Wilsdorf kuwa ya ba ta Oyster ta rataya a wuya. Sanyi ya hana ta kai wa gaci, aka tsamo ta bayan sama da awa 10, amma agogon na tafiya. Ranar 24 ga Nuwamba ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya baza labarin. Masu kanti kuma suka riƙa jefa agogon cikin kwalbar kifi a tagar shago, mutane na tsayawa kallo.

A 1931 Rolex ya fitar da agogon da ke wana kansa da motsin hannu. Nan ma akwai wanda ya riga shi: John Harwood, wani mai gyaran agogo ɗan Ingila, ya yi rajistar irin wannan tun cikin shekarun 1920, sai dai kamfaninsa ya karye. Tsarin Rolex ya fi nasa, domin ƙarfen da ke wana injin yana zagayawa gaba ɗaya. Duk da haka tallan kamfanin ya daɗe yana nuna kamar shi ne na farko, har sai a 1956 da ya fito ya nemi afuwar Harwood a jarida.

Tudor, ƙanen da aka haifa da gangan

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Wilsdorf bai yarda da wannan ba, ko kuma a ce ya ga kuɗi a cikin ƙaryata shi. Ya san cewa a bayan kowane mai iya sayen Rolex akwai mutane da dama da ke tsayawa a tagar kanti su wuce. Idan bai sayar musu da wani abu ba, wani zai sayar. Tun 1926 ya sa aka yi masa rajistar sunan Tudor, sunan tsohon gidan sarautar Ingila, ya karɓe shi a hannunsa a 1936, sannan ranar 6 ga Maris 1946 ya kafa kamfanin Montres Tudor.

Dabarar ita ce: kwanso na Rolex, maɓalli na Rolex har da tambarin kambinsa, sau da yawa sarƙa ma ta Rolex, amma injin ciki an sayo shi daga wasu masana'antu masu araha. Daga nesa ba a bambanta su. Daga kusa kuwa, fure ne a fuskar maimakon kambi, kuma sunan da ke rubuce Tudor ne. Bai ɓoye wa kowa komai ba.

Bai tallata Tudor ga masu kuɗi ba. Lokacin da Oyster Prince ya fito a 1952, hotunan tallan na masu haƙar kwal ne da masu fasa dutse da leburorin hanya riƙe da injin fasa kwalta. Guda 26 suka bi ayarin binciken Birtaniya zuwa ƙanƙarar Girinlan. Rolex ya ƙera Submariner na masu ninƙaya a ƙarƙashin teku a 1953, shekara na zagayowa Tudor ya fito da nasa mai suna ɗaya da siffa ɗaya. Sojan ruwan Faransa suka zaɓi na Tudor, suka yi ta aiki da shi tun daga tsakiyar shekarun 1950 har cikin shekarun 1980. Abin dariyar shi ne, waɗannan tsofaffin agogo da aka yi wa leburori da kurata, a yau wasunsu sun fi sabon Rolex tsada a wurin gwanjon masu tara kayan tarihi.

A nan ne ya kamata mai saye ya raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Haƙƙin mallakar fasaha yakan ƙare bayan kimanin shekara 20, daga nan kowa na iya amfani da ita. Suna da tambari kuwa ba sa ƙarewa muddin ana sabunta rajista. Shi ya sa tsohon Seiko 5 ko Orient da ya ɗauko siffar Datejust, wanda Rolex ya fitar a 1945, halastaccen agogo ne da kamfaninsa ya sa wa sunansa, kuma idan ya samu mai gyara nagari yana iya kai wa jika. Kama da wane ba ta wane, amma ba sata ba ce. Wanda aka manna wa kambi da sunan Rolex a wata masana'antar ɓoye shi ne jabu, kuma ɗan ci-ranin da ya bi da shi ta filin jirgin sama a Turai yana iya rasa shi a hannun ƴan duwan, har da tara.

Akwai kuma na uku, wanda ya fi cin kuɗin mutane, kuma tsarin Wilsdorf ne ya buɗe masa ƙofa. Tunda kwanson tsohon Tudor na Rolex ne na gaske, ƴan damfara kan cire fuskar su sa mai sunan Rolex. Haka ake yi wa Marconi da Unicorn, wasu sunayen agogo masu araha da ya yi wa rajista tun da farko. Bayan agogon gaskiya ne, maɓallin gaskiya ne, sai an buɗe an ga inji asiri ke tonuwa.

A Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa kan ƙwace agogon sojan Birtaniya da suka kama. Wilsdorf, haifaffen Jamus, ya buɗe wa fursunonin ƙofar bashi: su aiko da wasiƙa daga sansani, a aika musu agogo, su biya bayan yaƙi. Ɗaya daga cikinsu, Kofur Clive Nutting da ke gyaran takalma a sansanin Stalag Luft III, ya yi odar nasa a 1943, bai ga takardar biya ba sai bayan an gama yaƙin. Amana ce, talla ce kuma, don a lokacin babu tabbacin wanda zai yi nasara.

Matarsa ta farko, Florence, ta rasu a 1944 ba su samu haihuwa ba. A shekarar da ta biyo ya kafa Gidauniyar Hans Wilsdorf, ya tsara cewa dukan hannun jarinsa zai koma gare ta. Ya rasu a Janiba ranar 6 ga Yuli 1960 yana da shekara 79, saura ƙasa da wata ɗaya Nijar ta samu ƴancin kai, aka binne shi a maƙabartar Rois da ke birnin.

Har yau gidauniyar ce ke mallakar Rolex da Tudor, ba a sayar da hannun jarinsu a kasuwa, kuma wani kaso na ribar yana tafiya ayyukan jinƙai a Janiba, inda aka buɗe gada mai sunansa a kan kogin Arve a 2012. Tudor kuwa ya canza furensa zuwa garkuwa a ƙarshen shekarun 1960, ya daina sa sunan Rolex a kwansonsa a shekarun 1990, kuma tun 2015 yake ƙera injinsa da kansa.