Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilmin Cuta da Magani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai cutarwa da ikonSa, Mai warkarwa da rahamarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk sa'ad da aka ambaci Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne jihadi da sarauta da ginin birnin Sakkwato. Akwai kuwa wani sashe na rayuwarsa wanda ba a cika karantar da shi a zaurukanmu ba, watau himmar da ya bai wa ilmin likitanci: sanin abin da ke jawo cuta, da alamomin da ake gane ta da su, da maganin da ya dace da ita. A kan wannan sashe muke son mu tsaya, domin muna ganin ya shafi kowane gida a unguwarmu ta Zango da sauran unguwannin Yamai.

An haifi Bello a shekara ta 1195 bayan Hijira, daidai da 1781. Shi da iyayensa ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Mahaifinsa a Maratta aka haife shi, cikin yankin Tawa na yanzu, kuma har Agadas ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru don neman ilmi. Bello ya tashi a Ɗagel, ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi da waɗansu malaman jama'a, har ya ƙware a Larabci da fiƙihu da hadisi tun yana saurayi. Yana da shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Shekarun da suka biyo baya shekarun wuya ne ƙwarai, domin ban da takobi da kibiya, yunwa da cuta sun ci mutane masu yawa a sansanonin jama'a. Wanda ya ga wannan da idonsa yana matashi, ba abin mamaki ba ne in zancen magani ya zauna masa a zuciya.

A 1809 ya kafa Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi, wanda ikon Gwandu ya kai daga baya har Sayi da ke bakin Kwara, kudu da mu kaɗan. A cikin wannan shekara ce Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, littafin da har yau masu tarihi ke dogara da shi. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, ya riƙe al'amarin Musulmi shekara 20, kuma kusan babu shekarar da ta wuce ba tare da yaƙi ko tawaye ba.

To, a cikin wannan ɗawainiya ne ya yi rubuce-rubuce fiye da 100, kimanin 10 daga cikinsu a kan likitanci. Waɗansu sun tattara abin da ya zo daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da magani, kamar Al-Mawaridun Nabawiyya da Ujalatur Rakibi. A wannan bai bambanta da mutanen gidansu ba, gama baffansa Abdullahi ya rubuta Masalihul Insani a kan gyaran addini da jiki, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwani a 1839. Inda Bello ya fita daban shi ne ya riƙa ɗaukar cuta ɗaya ɗaya yana keɓe mata littafi. Ya rubuta Masugul Lujaini a kan ciwon ido. Ya rubuta Al-Ƙaulul Mansuru a kan basur da magungunansa. Ya yi wani ɗan littafi a kan tsutsar ciki, wani a kan ciwon ƙoda, wani kuma sukutum a kan ganyen filasko da hanyoyin sassauta ciki da shi.

Mu dubi wannan jeri da kyau. Ido, basur, tsutsa, ƙoda, taurin ciki: waɗannan su ne cututtukan manomi da makiyayi da fatake a ƙasar ƙura da ruwan tabki. Sarkin da wasiƙun Kano da Katsina da Bauci da Adamawa ke jiran amsarsa, shi ne ya zauna ya yi wa mai basur littafi, cutar da yawancinmu ke jin kunyar ambatonta ko a gaban likita. A ganinmu wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda ya fahimci amanar shugabanci. Filasko kuwa, wanda Larabawa ke kira sana, an yabe shi a hadisi, yana kuma tsirowa a dajinmu. A zamanin Bello ayarin raƙuma na ɗaukarsa daga Azbin zuwa Tarabulus, daga can ya shiga jirgi zuwa Turai. A 1941 masana a ƙasar Suwizalan suka ware sinadarin da ke aiki a cikinsa, kuma ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Keɓe wa cuta guda littafi yana da tushe mai zurfi a likitancin Musulmi, kuma ya kamata mu san gidan da Bello ya shiga. Abubakar Ar-Razi, wanda ya shugabanci asibiti a Rayyu da Bagadaza, ya rasu wajen 925, ya rubuta littafi don rarrabe agana da ƙyanda, cututtuka biyu da mutane ke ruɗewa a kansu a kwanakin farko na zazzaɓi. Yakan rubuta halin majinyatansa ɗaya bayan ɗaya. Har ya taɓa raba masu alamun wani ciwon kai mai tsanani gida biyu, ya fitar wa waɗansu jini, ya bar waɗansu da gangan, don ya ga ko maganin ne ke aiki. Hanyar da ya bi, ta kwatanta waɗanda aka yi wa magani da waɗanda ba a yi wa ba, ita ce ginshiƙin binciken likitoci a yau, ko da yake fitar da jinin kansa an daina shi a irin wannan ciwo. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kafa sharuɗɗa 7 na gwada magani a cikin Al-Ƙanun. Daga cikinsu akwai cewa maganin ya zama tsantsa ba gauraye ba, a gwada shi a kan cuta guda wadda ba ta haɗu da wata ba, amfaninsa ya riƙa bayyana kullum ko a mafi yawan lokuta, kuma a gan shi a jikin ɗan Adam. A fannin ido kuma, Aliyu ɗan Isa na Bagadaza ya lissafa cututtuka kusan 130, Ammaru na Mausil ya ƙera allura mai rami don tsotse yanar ido. Duka wannan kusan shekara 800 kafin Bello.

Yanzu mu auna wannan da abin da muke gani a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. Mai magani ya shimfiɗa tabarma, ya ɗaga lasifika, ƙulli ɗaya a hannunsa, yana cewa yana maganin basur da shawara da sanyi da ciwon suga da hawan jini, bai tambayi mai saye kome ba sai kuɗi. Wani kuma yana yawo da faranti cike da ƙwayoyin bature da rana ta gasa, yana zaɓar wa mutane da launi. Sau da yawa da sunan Annabi da na magabata ake wannan talla. Alhali kuwa jinin da mutum ya gani a bayan gida yana iya zama basur, yana iya zama atuni, yana kuma iya zama ciwon daji na hanji, wanda ke jin magani in an gano shi da wuri, yake kisa in an yi shekara ana jiƙa sassaƙe. Fitsarin jini ga yaron da ke wanka a kogi galibi tsargiya ce, kuma awon fitsari ne ke tabbatar da ita. Hawan jini da ciwon suga sukan yi shekaru suna cin ƙoda da ido ba tare da mutum ya ji kome ba, sai an auna. Mai ƙulli ɗaya ba ya da hanyar sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai wani labari da ke nuna faɗin zuciyar Bello a neman wannan ilmi. A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Biritaniya mai suna Kilafaton ya iso Sakkwato ta hanyar Barno da Kano, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya sauke shi. Tare da wani likita suka taso, mai suna Audni, amma Allah Ya yi masa rasuwa a kan hanya kusa da Katagum a watan Janairu, bai ga Sakkwato ba. A cikin zantawarsu, Bello ya nemi Sarkin Ingila ya aiko masa da mutum biyu su zauna a ƙasarsa: wakili da likita. Bature ya rubuta wannan a littafin tafiyarsa. Ga Sarkin Musulmi, ɗan Mujaddadi, marubucin littattafan maganin Annabi, yana roƙon a kawo masa likita Nasara. Bai ga wannan ya rage masa tawakkali ba, bai kuma ga ya saɓa wa abin da ya rubuta ba.

A 1825 Kilafaton ya sake tasowa, wannan karo ta bakin teku, tare da likitoci biyu. Ɗaya ya rasu makonni kaɗan bayan sun sauka Badagiri, ɗayan ya bi ta Dahomai, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Haka Bature ya iso wurin Bello a 1826 ba likita, sai dai littattafan Larabci da ya riƙo masa, cikinsu har da na Ibnu Sina da na Uƙlidisu a kan lissafi. Ya ba da labarin cewa wata safiya ya shiga ya tarar da Bello zaune da littafin Uƙlidisu a gabansa, Bello ya shaida masa cewa dā suna da irinsa da wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ta cinye. Zaman nasu na biyu bai yi daɗi ba, saboda ana yaƙi da Barno a lokacin, Bature kuma yana ɗauke da saƙo zuwa ga Shehu Laminu Alkanemi. Ciwo ya kama shi, ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827. Likitan da Bello ya nema bai taɓa zuwa ba.

Gaskiya ta wajabta mu faɗi iyakar ilmin wancan zamani. Likitancin littattafan Larabci an gina shi ne a kan cewa jiki yana da ruwaye 4, jini da majina da maɗaciya rawaya da baƙa, cuta kuma rinjayen ɗayansu ne, ta fuskar zafi ko sanyi, danshi ko bushewa. Turawan wancan lokaci ma ba su yi nisa da wannan ba, shi ya sa likitocinsu suka riƙa mutuwa a kan hanya ba su san abin da ke kashe su ba. Sai bayan rasuwar Bello aka buɗe ƙofar. A 1851 wani likita Bajamushe mai suna Bilhaz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira, a wannan shekara kuma aka ƙera madubin leƙa cikin ƙwayar ido. A 1880 aka ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini, a wani asibiti a Aljeriya, a 1897 kuma aka tabbatar sauro ne ke ɗaukarta. Saboda haka wanda ya buɗe littafin Bello yau ya haɗa abin ɗigawa a ido, ya bar likitan ido yana nan kusa da shi, ya ɗauki harafin littafin ya bar niyyar mai shi. Bello da kansa abin da ya fi inganci a zamaninsa ya nema, daga littafi da daji da bakin baƙo.

Biyu daga cikin irin masifun da ya yi fama da su, na ido da na tsutsa, mun ga ƙarshensu a ƙasarmu da idonmu. Kurkunu, wanda ke kwantar da manomi a tsakiyar damina, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa ya ƙare a Nijar da Nijeriya, bayan an gane cewa daga ruwan tabki ake shansa, aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle. Makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa, wadda aka soma yaƙa a Afirka ta Yamma tun 1974, a watan Janairu na 2025 aka shaida cewa Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da ita. A duka biyun, sai da aka san sanadi sannan magani ya ci.

A ƙarshen rayuwarsa Bello ya fi zama a Wurno, ribaɗin da ya gina arewa maso gabas da Sakkwato don tsaron iyaka. A nan ciwon ajali ya same shi, ya rasu a watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, yana da shekara 58 a lissafin Hijira. A Wurno aka binne shi, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Littattafansa na likitanci suna nan da rubutun hannu a ma'ajiyoyin Sakkwato da Kaduna da Ibadan, da kuma gafakan malamai a gidaje, ɗalibai kaɗan ne ke buɗe su.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Ya haskaka kabarinsa, Ya bai wa majinyatanmu lafiya, na gida da na asibiti. Amin.