Tarihin Rayuwar Subrahmanyan Chandrasekhar

An haifi Subrahmanyan Chandrasekhar a birnin Lahor ran 19 ga Oktoba, 1910, zamanin da Indiya take ƙarƙashin mulkin Ingila. Gidansu gidan ilmi ne, don kuwa ƙanen mahaifinsa, C. V. Raman, ya ci lambar Nobel ta kimiyya a 1930. A wannan shekara ce, bayan ya gama karatu a Madras, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jami'ar Kambirij.

Tun a cikin jirgin ya duƙufa kan lissafin makomar taurari. Masana sun ɗauka cewa duk tauraron da makamashinsa ya ƙare zai tsuke ya zama ɗan ƙarami fari, ya tsaya nan. Shi kuwa ya nuna cewa abin yana da iyaka, watau in nauyin ragowar tauraron ya wuce na Rana da kusan kashi 40 cikin 100, to, ba zai tsaya nan ba, sai ya ci gaba da ruftawa cikin kansa.

A watan Janairu, 1935, ya gabatar da bincikensa gaban ƙungiyar masana taurari a Landan. Nan take Arthur Eddington, wanda ake ji da shi duk faɗin Ingila, ya tashi ya mai da maganar abin dariya. Ba wanda ya fito fili ya kare saurayin. Bai janye lissafinsa ba, bai kuma tsaya jayayya da babba ba. A 1937 ya koma Jami'ar Shikago a Amurka, inda ya yi ta bincike da koyarwa har ƙarshen ransa. Sai a 1983 aka ba shi lambar Nobel, ya rasu ran 21 ga Agusta, 1995.

Taurarin da suka rufta haka, in sun janyo iskar gas daga maƙwabtansu, takan yi zafi ƙwarai har ta fid da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye wannan haske, saboda haka dole a kai madubin hangen nesa sararin samaniya. A watan Yuli, 1999, hukumar NASA ta aika da irin wannan madubi, aka raɗa masa suna Chandra. Da shi aka yi ta nazarin baƙaƙen ramuka da gawarwakin taurari, watau abubuwan da aka yi wa mai sunan dariya a kansu. Gaskiya dokin ƙarfe ce.