James Holman: Makahon da ya zagaya duniya da sandarsa

An haifi James Holman ne ranar 15 ga watan Oktoban 1786 a birnin Exeter na ƙasar Ingila.

Ya shiga rundunar sojan ruwan Birtaniya a 1798, ya kuma kai muƙamin laftanar a 1807.

Wata rashin lafiya da ta kama shi a bakin aiki ta fara masa da ciwon gaɓoɓi, daga bisani ta makantar da shi yana da shekara 25.

A 1812 hukuma ta ba shi masauki da alawus na tsawon rai a fadar Windsor. Sai dai zaman wuri ɗaya ya gundure shi, don haka ya nemi izini ya tafi karatu jami'ar Edinburgh.

Daga 1819 zuwa 1821 ya ratsa Faransa da Italiya da Jamus, har ya hau dutsen Vesuvius mai aman wuta.

Holman ba ya dogara da ɗan jagora na dindindin. Yakan buga sandarsa mai bakin ƙarfe a ƙasa, ya kasa kunne ga amon da ke dawowa, ta haka yake gane inda bango ko lungu ko fili yake.

A 1822 ya nufi Rasha da niyyar zagaya duniya. Ya kai garin Irkutsk a Saberiya kafin hukumomi su zarge shi da leƙen asiri, su tisa ƙeyarsa zuwa kan iyaka.

Wannan bai karya masa gwiwa ba. Tsakanin 1827 da 1832 ya cika burinsa, inda ya bi ta Saliyo da tsibirin Fernando Po da Brazil da Indiya da Sin da Ostareliya.

Yakan rubuta abin da ya ci karo da shi a kan wani allo mai wayoyi da ke saita masa hannu a kan layi. Labarin tafiyar ya fito cikin mujalladi huɗu a 1834 da 1835.

Wasu masu sharhi na zamaninsa sun yi shakkar cewa makaho zai iya bayyana ƙasashen da bai gani ba, amma Charles Darwin ya kafa hujja da rubutunsa.

Ya rasu a Landan ranar 29 ga watan Yulin 1857, kuma littafinsa na ƙarshe bai taɓa fitowa ba.

Wasu na'urorin da makafi ke sanyawa a yau, kamar tabarau da abin ɗaurawa a hannu, kan aika sautin da kunne ba ya ji, su yi gargaɗi da girgiza idan akwai cikas a gaba. Dabarar sauraren amo ce wadda Holman ya yi aiki da ita da sanda.