Abdullahin Gwandu: Jarumin da ya bar runduna don tseratar da ibadarsa

A shekarar 1807, rundunar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na kan hanyarta ta zuwa Alƙalawa, babban birnin Gobir, sai aka nemi ɗaya daga cikin manyan jagororinta aka rasa. Malam Abdullahi, ƙanin Shehu kuma wazirinsa, ya ɗebi mutanensa 'yan kaɗan ya nufi gabas, da niyyar zuwa Makka da Madina.

A yau duk wanda ya fito daga Zuru, ko Yauri, ko Argungu ya shiga Birnin Kebbi, zai tarar da fadar Sarkin Gwandu tana ɗauke da sunansa. Sai dai mutane da yawa ba su san cewa mai wannan suna ya taɓa guje wa mulki ba, kuma dalilinsa ya shafi tsayuwar bawa a gaban Ubangijinsa.

Tasowarsa

An haifi Abdullahi wajen shekarar 1766, Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara 13 sai aka damƙa shi a hannun yayansa, wanda ya zame masa uba kuma malami. Ya kuma yi karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu.

Ya bi yayansa yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, inda suke koya wa mutanen karkara tauhidi da tsarki da yadda ake salla. Da aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, shi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. Shi ya jagoranci jama'a a yaƙin Tafkin Kwatto a wannan shekara, kuma a ƙarƙashinsa aka ci Birnin Kebbi a 1805.

Abin da ya kore shi

Shi da kansa ya bayyana dalilin tafiyarsa a littafinsa Tazyinul Waraƙat, wanda ya kammala a 1813. Abokan karatunsa da yawa sun rasu a yaƙe-yaƙen farko. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa, ya ga hankalinsu ya koma kan sarauta da tara ƙwaraƙwarai da manyan riguna da dawakan ado, an yi watsi da masallatai da makarantu. Ya ji tsoron kada shi ma ruwan ya ci shi.

Wanda ya san Alƙur'ani zai gane ma'aunin da ke bayan wannan damuwa. Aya ta 41 a Suratul Hajji ta siffanta mutanen da Allah ke taimako da cewa, in aka ba su iko a bayan ƙasa, abin da suke fara tsayarwa salla ce, sannan zakka da umarni da kyakkyawa. Aya ta 45 a Suratul Ankabut kuma ta nuna cewa aikin salla shi ne hana mai yin ta alfasha da mummunan aiki. Ke nan sallar da ba ta taɓa halin mai mulki ba, da sauranta. Ga mutum irin Abdullahi, cin gari alhali masallacinsa na kufai, asara ce.

Kano ta tare shi

Bai kai Makka ba. Da ya iso Kano, jama'ar gari suka roƙe shi ya tsaya ya koyar da su. Ya tarar da irin cutar da ya baro a baya, sai ya zauna ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafin da ke bayyana wa masu mulki da alƙalai haƙƙin da ke wuyansu. Daga nan ya koma wurin Shehu. Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Niyyarsa ita ce ya kaɗaita da Ubangijinsa a ƙasa mai tsarki, amma abin da ya samu ɗalibai ne da alƙalami. Malamai kan tunatar cewa amsar addu'a ba lallai ta zo a siffar da bawa ya zana mata ba, kuma aya ta 216 a Suratul Baƙara ta nuna cewa mutum na iya ƙin abin da alheri ne gare shi.

Jarrabawa ta biyu

A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar daula: yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a kafin Abdullahi ya iso, kuma marubuta tarihi sun ce ya tarar da ƙofofin Sakkwato a rufe. Ya koma Gwandu da ɓacin rai, amma bai ɗaga takobi a kan ɗan yayansa ba.

Bayan 'yan shekaru, da tawayen Kalambaina ya matsa wa Gwandu, Bello ya kawo ɗauki. Bayan nasara suka haɗu, Abdullahi ya amince da shi a matsayin Sarkin Musulmi, rikicin ya mutu. Daga nan ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu.

Abin da ya bari

Babban aikinsa shi ne tafsirin Liya'ut Ta'awil, wanda ya kammala wajen 1815, aka buga shi a Alƙahira cikin mujalladi huɗu a 1961. Da ya lura littafin ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya rubuta wani mai sauƙi wajen 1822, Kifayatu Du'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya, wato karatun da almajirin ƙasar Hausa ya saba da shi tun daga allo.

Wannan sauƙaƙawa tana da alaƙa da salla kai tsaye. Mai salla yana karanta Fatiha aƙalla sau 17 a kowace rana, kuma rabinta yabo ne, rabinta roƙo. Wanda ya san ma'anar abin da yake furtawa, ganawa yake yi da Ubangijinsa, wanda aya ta 186 a Suratul Baƙara ta siffanta da Makusanci mai amsa kiran mai kira.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu wajen 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai. Kabarinsa na nan a garin, kuma har yau ana karanta littattafansa a zaurukan malamai da jami'o'in Najeriya da Nijar.