Hergé, mahaifin Tintin: mutumin da ya zana Kwango bai taɓa taka ta ba

Duk wanda ya yi karatun boko da Faransanci, a Damagaram ne ko Marwa ko Njamena, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani saurayi mai tukku a goshi, da ɗan farin karensa a biye da shi ba. Tintin ke nan da Milou. Wasu a ɗakin karatun makaranta suka same su, wasu a hannun masu kasa tsofaffin littattafai a bakin titi, wasu kuma a talabijin. Mutumin da ya ƙirƙiro su ya rasu tun 1983, amma har yau ƙurar da ya tayar ba ta kwanta ba. An kai littafinsa gaban alƙali, an ɗauke shi daga inda hannun yara zai kai, a wani wuri ma an kwashe an lalata.

Sunansa na yanka Georges Remi. An haife shi ranar 22 ga Mayu 1907 a Etterbeek, wata unguwa ta birnin Bruxelles a ƙasar Beljiyam, a gidan mabiya ɗarikar Katolika masu rufin asiri. Ya yi sakandare a makarantar Saint-Boniface da ke hannun limaman coci, ya shiga ƙungiyar 'yan sikawut, kuma a mujallarsu aka fara buga zanensa. Haruffan farko na sunansa ya juya, R da G, yadda ake furta su da Faransanci, ya samu laƙabin Hergé.

A 1925 ya samu aiki a jaridar Le Vingtième Siècle, a sashen masu biyan kuɗin jarida. Jaridar ta 'yan Katolika ce masu ra'ayin riƙau, shugabanta kuwa wani limamin coci ne, Norbert Wallez, wanda hoton Mussolini na Italiya ke rataye a ofishinsa da sa hannun mai shi. Wallez ne ya gano baiwar yaron, ya damƙa masa shafin yara na mako-mako, Le Petit Vingtième. A nan Tintin ya fara bayyana ranar 10 ga Janairu 1929, an tura shi Tarayyar Sobiyet ya je ya tona asirin 'yan kwaminis. Har matar Hergé ta farko, Germaine Kieckens, sakatariyar Wallez ce. Wanda ya ba ka aiki ya kuma haɗa ka da mata, ba a cika yi masa musu ba.

Da aka gama labarin farko, Hergé Amurka yake son kai Tintin. Wallez ya ce Kwango za a je, domin a cusa wa yaran Beljiyam sha'awar ƙasar da suke mulka da aikin 'yan mishan. Daga 1930 zuwa 1931 aka riƙa buga Tintin au Congo kashi-kashi. Mai zanen yana da shekara 23, bai taɓa zuwa Afirka ba. Abin da ya dogara da shi shi ne rubuce-rubucen Turawan mulki, da kayan da aka jibge a gidan tarihin Tervuren kusa da Bruxelles, da hirar da ake yi a gidaje irin nasu.

Abin da ya fito daga wannan haɗi ba ya ɓoyuwa. Mutanen Kwango duk kamarsu ɗaya, manyan leɓuna, idanu a zare, suna magana da gurɓataccen Faransanci. Malalata ne sai an daka musu tsawa, matsorata ne sai Bature ya shige gaba. Har karen Tintin wasu suka ɗora a gadon sarauta. Mugun cikinsu boka ne, mai ceto kuwa limamin mishan mai farar riga. A wani shafi Tintin ya shiga aji ya kama koya wa yaran Kwango darasi a kan ƙasarsu, wai Beljiyam. Namun daji kuwa ya yi musu kisan kiyashi, har da karkandar da ya huda wa baya ya cusa nakiya. An fi yawan magana a kan leɓunan, amma abin da ya fi ciwo shi ne, daga bangon farko zuwa na ƙarshe babu baƙar fata ko ɗaya da aka ɗauka a matsayin babba mai hankalin kansa.

Kwangon gaskiya tana can, daban da ta littafin. A lokacin da ake buga wannan labari, Simon Kimbangu, mai wa'azin Kirista ɗan ƙasar, yana kurkuku tun 1921 saboda jama'a sun bi shi sun bar cocin Turawa, kuma a can ya rasu a 1951. A shekarar da littafin ya fito, 1931, 'yan ƙabilar Pende suka yi bore kan haraji da aikin tilas na kamfanonin manja, sojojin mulkin mallaka suka kashe ɗaruruwa. Yaron da ke karanta Tintin a Bruxelles bai ji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai a 1934 wani abu ya gitta. Hergé ya sanar cewa Tintin zai tafi ƙasar Sin. Wani limamin coci, Léon Gosset, wanda ke kula da ɗaliban Sin a jami'ar Louvain, ya rubuto masa wasiƙa yana jan kunnensa: ɗalibansa suna karanta jaridar, kuma za su ji zafi in aka zana su da irin tatsuniyoyin da Turawa suka saba. Ta haka aka haɗa shi da Zhang Chongren, ɗalibin sassaƙa daga Shanghai, sa'ansa a shekaru. Kusan shekara guda suna zama tare a ranakun Lahadi. Zhang ya koya masa riƙon alƙalamin gashi irin na Sin, ya ba shi labarin mamayar Japan, ya rubuta masa allunan shaguna da na bango da rubutun Sinanci na gaskiya.

Le Lotus bleu, wanda ya fito littafi a 1936, kamar wani mutum daban ne ya yi shi. A ciki Tintin ya tsamo wani yaro mai suna Tchang daga ruwa, suka zauna suna lissafa ƙarairayin da Turawa ke yaɗawa a kan mutanen Sin, yaron yana dariya. Littafin ya nuna yadda Japan ta kitsa fasa layin dogo don ta samu hujjar mamaya, har jami'an Japan a Bruxelles suka kai ƙorafi. Sai dai gyaran bai wuce inda abotar ta tsaya ba. Mutanen Japan da ke cikin littafin, da haƙoransu a waje aka zana su, domin Hergé ba shi da aboki ɗan Japan.

A 1940 Jamus ta mamaye Beljiyam, aka rufe jaridar Le Vingtième Siècle. Hergé ya koma Le Soir, wadda ke ƙarƙashin ikon 'yan mamaya, kuma a nan ne Tintin ya samu masu karatu fiye da yadda ya taɓa samu. Tsakanin 1941 da 1942 ya buga L'Étoile mystérieuse. Mugun labarin wani attajiri ne na New York mai suna Blumenstein, da hanci da kamannin da farfagandar Nazi ke laƙaba wa Yahudawa. Akwai ma wani zane na Yahudawa biyu suna murnar tashin duniya don su huta da biyan bashi, wanda aka cire kafin a haɗa littafin. A cikin 1942 ɗin aka tilasta wa Yahudawan Beljiyam ɗaura tauraro mai ruwan ɗorawa, aka fara kwasarsu a jirgin ƙasa daga barikin Malines zuwa Auschwitz. Kimanin mutum 25,000 aka kwasa, kaɗan ne suka dawo. A waɗannan shekarun ne kuma Hergé ya zana jerin katunan gaisuwar Kirsimeti da sabuwar shekara, Tintin da Milou cikin dusar ƙanƙara suna yi wa jama'a fatan alheri. Katunan suna da kyau ƙwarai, masu tara kayan tarihi na sayensu da tsada a yau. Amma gaisuwar ba ta haɗa da maƙwabtan da ake lodawa a taragu ba.

Da aka 'yantar da Bruxelles a Satumbar 1944, sau huɗu ana kama shi, ba a dai taɓa yanke masa hukunci ba. An hana shi aikin jarida na wani lokaci, sai Raymond Leblanc, wanda ya yi gwagwarmaya da 'yan mamaya, ya tsaya masa, suka kafa mujallar Tintin a 1946. Wallez kuwa ɗauri ya sha saboda haɗa kai da Jamusawa, kuma Hergé bai juya masa baya ba har mutuwarsa.

Daga nan rayuwarsa ta zama ta mai gyaran tsohon gini. A 1946 ya sake zana littafin Kwango da launi, darasin Beljiyam ya koma lissafin biyu da biyu, amma fuskokin suka zauna yadda suke. A 1954 Blumenstein ya zama Bohlwinkel, ɗan wata ƙasa ta ƙage. A 1971, bisa buƙatar masu buga littafinsa na Ingila, ya kwashe labarin Tintin au pays de l'or noir daga Falasɗinu ta zamanin mulkin Birtaniya ya mayar da shi wata masarautar Larabawa da babu ita a taswira. A 1975 masu bugawa na ƙasashen arewacin Turai suka ce ba za su ba yaransu shafin karkanda ba, ya sake shi, dabbar ta tsira da ranta. Karkanda ta samu adalci kafin mutanen ƙauyen.

Littafin da ya fi kusa da tarihin Hausawa shi ne Coke en stock na 1958. Hergé ya karanta a wata mujalla cewa ana yaudarar maniyyata 'yan Afirka a hanyar Makka ana sayar da su bayi, sai ya gina labari a kai. Tintin da Kyaftin Haddock suka tarar da Musulmi baƙaƙen fata cunkushe a cikin jirgin ruwa a Bahar Maliya, masu fataucinsu na kiransu gawayi a saƙonninsu na sirri. Wannan ba tatsuniya ba ce ga zuriyar waɗanda suka bi hanyar gabas da ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin teku a Sawakin, wasu suka shekara goma a hanya, wasu suka yada zango a Sudan har yau jikokinsu na can. Sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta a hukumance.

Niyyarsa a nan ta alheri ce, kuma ya ɗauka ya wanke kansa daga zargin wariya. Amma maniyyatan nasa ba su da suna, ba su da dabara, da ƙyar Haddock ya fahimtar da su cewa tarko ke jiransu, bakinsu kuma irin na mutanen littafin Kwango ne. Mutumin da ya iya ratsa Sahel da guzurinsa da Alƙur'aninsa, yana ƙira ko ɗinki ko koyarwa a kowane zango don ya ci gaba, ba haka yake ba. A 1962 mujallar Jeune Afrique ta soki littafin. Abin ya ɓata wa Hergé rai, amma a bugun 1967 ya gyara maganar maniyyatan. Wannan karon ma daga jarida ya ɗauko mutanensa. Bai samu wani alhaji ya zauna da shi ranar Lahadi ba.

A ƙarshen shekarun 1950 aurensa ya shiga rawa, ya kamu da son Fanny Vlamynck, mai saka launi a ɗakin aikinsa, tarbiyyar Katolika kuma na cin zuciyarsa. Yana ta mafarkin farin fili marar iyaka. Cikin wannan hali ya zana Tintin au Tibet, wanda ya fito a 1960: babu mugu, babu bindigar farauta, sai Tintin yana hawan duwatsun Himalaya neman Tchang da kowa ya ce ya mutu. Sufayen addinin Buddha da ke ciki an zana su da girmamawa, shi kansa kuma ya karkata ga karatun hikimomin gabashin Asiya. A hirar da ya yi da Numa Sadoul, wadda ta fito a 1975, ya amsa cewa littafin Kwango ya taso ne daga son zuciyar mutanen da ya girma a cikinsu, kuma abin da ake faɗa kawai ya sani game da ƙasar.

Zhang na gaskiya ya ɓace masa tun 1935. Ya yi ta cigiya har aka gano shi a Shanghai, bayan ya sha wuyar juyin al'adu na zamanin Mao. A Maris 1981 suka rungumi juna a filin jirgin saman Bruxelles, tsofaffi biyu, bayan shekara 46. Hergé ya riga ya kamu da ciwon jini. Ya rasu ranar 3 ga Maris 1983, ya bar littattafan Tintin 23 kammalallu da ɗaya da bai ƙarasa ba, da wasiyyar kada wani ya ci gaba da zana yaron. Ya je Amurka, ya je Taiwan. Kwango bai je ba.

A 2007 hukumar yaƙi da wariyar launin fata ta Birtaniya ta nemi a daina sayar da littafin Kwango, wasu kantuna suka mayar da shi sashen manya, cinikinsa kuma ya ƙaru. A shekarar ce wani ɗan Kwango mazaunin Beljiyam ya shigar da ƙara yana neman a haramta shi, ko a saka masa gargaɗi. A 2012 kotun Bruxelles ta yi watsi da ƙarar, ta ce idan aka dubi zamanin da aka yi shi babu niyyar tunzura ƙiyayya, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tabbatar. A 2019 wata hukumar makarantun Katolika masu amfani da Faransanci a lardin Ontario na Kanada ta kwashe littattafai kusan 5,000 da ta ce suna cin zarafin 'yan asalin ƙasar, har da Tintin en Amérique, ta ƙona kaɗan daga cikin tarin. Cocin da ya aiki Tintin tun farko, makarantunsa ne suka kore shi daga aji. Sai a 2023 aka fitar da bugun Faransanci na littafin Kwango mai ɗauke da gabatarwa kan zamanin mulkin mallaka.

A Kinshasa kuwa labarin ya bi wata hanya. Bayan samun 'yancin kai a 1960 masu bugawa sun bar littafin ya ƙare a kasuwa don gudun rigima, sai wata mujallar birnin mai suna Zaïre ta sake buga shi kashi-kashi wajen 1970, kuma daga nan ya dawo kantunan Turai. Har yau masassaƙan birnin na fafe Tintin da Milou da tsohuwar motarsu daga itace, su shafa musu fenti, su sayar wa Turawa 'yan yawon buɗe ido.